Amsoshin Tambayoyinku: Shin Jariri Na Zuwa Duniya Da Garkuwar Jikinsa?

Tambaya: Ina ɗauke da cikin fari, wata bakwai ke nan. A wajen awo ma'aikaciyar jinya ta ce mana da zarar mun haihu a sa wa jariri nono, kada a matse na farkon a zubar, kada a ba shi ruwa, kuma a yi masa allurar rigakafi tun kafin suna. Surukata kuwa ta ce nonon farko gurɓatacce ne, kuma ɗanyen jariri bai kamata a huda shi da allura ba, ai Allah ya halicce shi da kariyarsa. Ni dai na rasa na kamawa. Shin jariri da garkuwar jikinsa yake zuwa, ko sai daga baya take samuwa? In da ita yake zuwa, mene ne amfanin allurar? In kuma babu, yaya jikinsa zai iya ɗaukar allura? Daga wata mai karatu a Funtuwa, jihar Katsina.

Amsa: Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka. Bari mu fara ba wa surukarki haƙƙinta, domin akwai gaskiya a maganarta: jariri ba ya fitowa hannu rabbana, da kariyarsa yake zuwa. Sai dai kariyar nan iri biyu ce, kuma kowacce da inda ta gaza. Akwai tasa ta kansa, wadda aka soma ginawa tun makonnin farko na ciki, amma ba ta taɓa gamuwa da wata cuta ba, don haka ba ta san kowa ba. Akwai kuma taki da kike ba shi, wadda ta san cututtukan da kika sani, amma cikin 'yan watanni take ƙarewa. Duk abin da aka gaya muku a wajen awo, dabara ce ta tsallakar da yaro daga wannan zuwa waccan ba tare da an bar shi a fili ba.

Tasa ta kansa tukuna. Abin da muke kira garkuwar jiki, yawancinsa aikin fararen ƙwayoyin jini ne, kuma ɗan tayi yana soma ƙera ƙwayoyin jini tun wajen mako na 3 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da ɓatan watansu ba. Da farko a wata 'yar jaka ake yin su, wadda ke maƙale da tayin. Daga wajen mako na 6 sai hanta ta karɓi aikin, ta riƙe shi tsawon watanni. Ɓargon ƙashi, wanda shi zai ci gaba da aikin har ƙarshen rayuwa, yana somawa ne a ƙarshen wata na uku, sannan a hankali ya gaji hantar. Ke nan yanzu da kike wata bakwai, ɓargon ɗanki ya riga ya kama aiki.

Akwai wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji, saman zuciya, likitoci suna kiranta taimus. An daɗe ana ɗaukarta ba ta da wani amfani, sai a 1961 wani mai bincike, Jacques Miller, ya cire ta daga jikin ɓerayen da aka haifa a ranar, ya ga sun tashi ba sa iya yaƙar cuta. A cikinta ne wani rukuni na fararen ƙwayoyi, waɗanda ake kira ƙwayoyin T, suke samun horo. Tun wajen mako na 8 zuwa 9 suke fara shiga, kuma horon mai tsanani ne: duk ƙwayar da ta nuna za ta far wa jikin mai ita, nan take ake kashe ta, kuma mafi yawansu ba sa fitowa da rai. Waɗanda suka tsira su ne ke bazuwa cikin jiki daga wajen mako na 12 zuwa 14. Tsokar nan a jarirai ta fi girma in aka gwada da girman jiki, bayan balaga kuma sai ta yi ta ƙanƙancewa.

To amma in ɗan tayi yana da waɗannan ƙwayoyi, ke ma kina da naki, me ya hana su faɗa da juna? Rabin halittar yaron daga mahaifinsa take, baƙo ne a wurin jikinki. Wannan ita ce tambayar da masanin nan na Ingila, Peter Medawar, ya jefa wa duniya a 1953, kuma har gobe ana kan bincikenta. Abin da aka tabbatar shi ne mabiyiya tana shiga tsakani, jininki da nasa ba sa cakuɗuwa kai tsaye, sannan garkuwar ɗan tayi an saita ta ne a kan haƙuri da sassauci. Yana da wasu ƙwayoyi masu yawa waɗanda aikinsu kawai kwantar da tarzoma. Wannan rahama ce a cikin mahaifa, domin da za a yi faɗa da cikin ya zube. Amma da wannan halin na haƙuri yake fitowa duniya, kuma ba ya sauya shi rana ɗaya. Shi ya sa cutar da babba zai kakkaɓe cikin kwana biyu take iya ratsa jinin jariri cikin sa'o'i.

Nan ne taki kariyar take shigowa. Duk cutar da kika taɓa yi kika warke, da duk allurar rigakafin da aka taɓa yi miki, sun bar wasu sinadarai a jininki masu gane wannan cutar in ta dawo. Nau'i ɗaya daga cikinsu, mai suna IgG, shi kaɗai ne ke ratsa mabiyiya, kuma ba yoyo yake yi ba: mabiyiyar ce ke kamo shi daga jininki ta tura wa yaron da gangan. Ana somawa kaɗan-kaɗan daga wajen mako na 13. A mako na 28 zuwa 32, wato kusan inda kike yanzu, abin da ke jininsa ya kai wajen rabin naki. Kaso mafi tsoka a makonni huɗu na ƙarshe yake wucewa, har ta kai jaririn da ya cika wata tara yakan fito da wannan sinadari fiye da na uwarsa. Guzuri ne kike haɗa masa na tafiyar da ba za ki iya yi a madadinsa ba. Wannan ne ma ya sa bakwaini ya fi kowa haɗari: ya fito kafin a gama ɗaure masa guzurin.

Kin ga ke nan allurar tetanus da ake yi muku a wajen awo, rabin amfaninta na ɗanki ne. Ƙwayar tetanus tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta ɗanyar cibiya take shiga jikin jariri, in an yanke ta da tsohuwar reza ko an shafa mata abin da ba shi da tsabta. Sau da yawa dab da suna take bayyana: yaron da ke shan nono lafiya lau sai ya kasa kamawa, baki ya ƙage, jiki ya sandare. Kaɗan ne ke tashi. Uwar da ta karɓi allura biyu, da tazarar aƙalla mako huɗu a tsakani, ta biyun kuma aƙalla mako biyu kafin haihuwa, ta riga ta tura wa ɗanta maganin wannan bala'i ta mabiyiya. In ba ki cika naki ba, kada ki bari wannan makon ya wuce. Haka kuma ki riƙe gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki, domin ƙwayar maleriya tana taruwa a mabiyiya, ta rage abin da ke wucewa zuwa ga yaron, ta kuma sa a haife shi ƙarami.

Yanzu ga ranar haihuwa. Yaron da ya yi wata tara a killace zai fito ya gamu da ƙwayoyin halitta bila adadin a cikin mintuna. Ba dukkansu ne abokan gaba ba. Na farkon da yake ɗauka daga hanyar haihuwa da fatar uwarsa su ne ke zama a hanjinsa, su tare wurin da miyagu za su zauna, kuma da su garkuwarsa ke koyon bambance wanda za a bari da wanda za a yaƙa. Shi ya sa ake cewa a ɗora shi a ƙirjinki, fata da fata, tun kafin a yi komai. Farin maiƙon nan da yake fitowa da shi a jiki ma yana ɗauke da sinadaran kashe ƙwayoyin cuta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta wankan farko har sa'a 24, a goge shi kawai a lulluɓe. Na san wannan yana da wuyar karɓuwa a gidajenmu, inda ake ganin in ba a cuɗe jariri sosai ba zai tashi da ƙarni. Wankan ba guduwa zai yi ba, gobe ma rana ce. Wanda aka haifa ta hanyar tiyata yakan fara da wasu ƙwayoyin daban, amma shayarwa tana rage wannan bambanci.

Sai batun daƙashi, wato nonon farko, wanda shi ne ya fi damuna a cikin wasiƙarki. Ki duba shi da kyau in ya zo: ɗan kaɗan ne, mai kauri, rawaya-rawaya, yana danƙo a yatsa. Wannan kamannin ne ya sa iyayenmu suka zarge shi, suka ce ya kwana a jiki ya lalace. Alhali kaurin nan sinadaran kariya ne cunkushe. Babba a cikinsu shi ne IgA, wanda ba ya ratsa mabiyiya, kuma jariri bai fara ƙera nasa sosai ba. Aikinsa shi ne ya shafe bakin yaro da maƙogwaronsa da bangon hanjinsa, ya kama ƙwayar cuta tun kafin ta sami wurin maƙalewa. Abin da ya fi ban mamaki shi ne yadda ake haɗa shi. Ƙwayoyin garkuwa da ke hanjinki da hanyoyin numfashinki, waɗanda suka san cututtukan gidanku da ruwanku da unguwarku, su ne ke tasowa su tare a ƙirjinki su riƙa zuba maganinsu a cikin nono. Ke nan nononki an auna shi ne daidai da gidan da yaron zai zauna. Ba kamfanin da ke iya sa wannan a gwangwani. Ban da haka akwai fararen ƙwayoyin jini masu rai a ciki, akwai sinadarin da ke ƙwace wa ƙwayoyin cuta ƙarfen da suke bukata don su hayayyafa, akwai kuma wasu nau'o'in sukari da yaron kansa ba ya iya narkarwa, an sa su ne musamman don su ciyar da ƙwayoyi masu amfani da ke hanjinsa. Daƙashi ne kuma ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, abin da ke rage shawarar jarirai.

Tun 1892 wani likitan Jamus, Paul Ehrlich, ya nuna haka da ɓeraye. Ya horar da jikin wasu iyaye har suka iya jure wani dafi, sannan ya ɗauko 'ya'yan waɗanda ba a horar ba ya ba su su shayar. 'Ya'yan riƙon nan suka sami kariya daga dafin, ta nono kawai. Makiyayi ma ya san wannan ba tare da ya karanta ba. Saniya ba ta tura wa ɗan maraƙi kariya ta mabiyiya, duk abin da zai samu a daƙashin ranar farko yake, kuma maraƙin da ya rasa shi da wuya ya yi ƙwari. Ɗan Adam ya fi maraƙi gata da yake ya sami rabonsa tun a ciki, amma kariyar hanji a nono take jiransa.

Za a ce miki bai ishe shi ba, yana jin ƙishi, ga zafin gari. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a lokaci guda ba, don haka ɗan abin da ke fitowa daidai da shi ne, kuma yawan tsotson ne ke kawo ruwan nono a kwana na biyu zuwa na huɗu. Nono kuwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, ko a watan Afrilu ya wadatar. Duk cokalin ruwa ko jiƙo ko madarar akuya da aka ɗura masa, ya cinye gurbin daƙashi, kuma yana iya shigar da cuta cikin hanjin da bai gama rufuwa ba. Zuma kam a ajiye ta sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwaya da hanjin babba ke fin ƙarfi amma take shanye jikin jariri. Haka batun cire beli da sauran tsage-tsage a makon farko: kowane yanka ƙofa ce aka buɗe. Cibiya a bar ta a bushe cikin tsabta, a shafa mata maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti, ban da toka, ban da man goge baki, ban da gashi da tsumma.

To, yaya ɗanyen jiki zai ɗauki allura? Ki tuna ƙwayoyinsa a shirye suke, sani ne kawai ba su da shi. Rigakafi yana nuna musu kamannin cuta ne ta hanyar ƙwayar da aka kashe, ko aka raunana, ko wani ɓangare nata, su haddace ta kafin ta gaske ta iso. Abin da ke cikin allura bai kai ɗigo ba in aka kwatanta da ƙwayoyin da yake haɗiya kullum daga hannun masu zuwa barka. Kuma jadawalin ba da ka aka tsara shi ba. Ɗauki ciwon hanta nau'in B. Babba in ya kamu, ƙasa da 5 cikin 100 ne cutar ke zaunar musu. Jaririn da ya ɗauka daga uwarsa wajen haihuwa kuwa, kusan 90 cikin 100 tana zama a jikinsu har girma, saboda wancan halin haƙurin da muka faɗa: garkuwarsa sai ta ɗauki cutar a matsayin 'yar gida. Bayan shekaru sai ta ci hanta. Shi ya sa ake son wannan allura cikin sa'a 24 na farko. Ta BCG, wadda ke barin ɗan tabo a dantse, tun 1921 ake amfani da ita, kuma tana kare ƙananan yara daga mugun nau'in tarin fuka mai hawa ƙwaƙwalwa. Tare da su ake ɗiga na shan inna a baki.

Daga nan sai mako na 6, na 10 da na 14, inda ake ba da ta haɗin cututtuka biyar, ciki har da tarin shiƙa da mashaƙo, da ta ciwon huhu, da ɗigon gudawa. Maimaitawar ba don ta farko ta lalace ba ce. Garkuwar jariri ba ta riƙe darasi da karatu ɗaya, sai an yi mata bita. Ta ƙyanda kuma ana jinkirta ta zuwa wata 9 saboda wani dalili daban: sauran kariyar da kika ba shi tana iya kama allurar ta kashe ta kafin jikinsa ya koyi komai. Ana jira taki ta ja baya, amma ba a jira har ƙyandar ta riga zuwa. A nan ake haɗawa da ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau, sannan a ƙara ta ƙyanda ta biyu a wata 15. Ɗan zafin jiki ko kumburin wurin allura na kwana ɗaya ko biyu alama ce jiki ya amsa.

Akwai wani lokaci da nake so ki sa wa ido tun yanzu. Sinadarin da kika tura masa ta mabiyiya yana raguwa da rabi kusan kowane mako uku zuwa huɗu. Tsakanin wata 3 da wata 6 ya yi ƙasa ƙwarai, nasa kuma bai gama tasowa ba. Jim kaɗan bayan haka yaro zai fara zama, ya fara rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai sai baki, ga kunu an fara ba shi. A daidai nan ne kuma haƙoran farko ke ɓullowa. Sai gudawa ta zo, ko zazzaɓi, a ce ai haƙori ne, a zauna ana jira ya fito. Wannan kalma ta "haƙori ne" ta ci yara da yawa a ƙasar nan. Haƙori yana sa dalala da ƙaiƙayin dasashi da ƙiriniya, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo gudawa mai tsiyaya. Haɗuwar lokaci ce kawai: kariyar uwa ta janye, cututtuka sun sami hanya. Yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS da ƙwayar zinc, a ci gaba da nono, mai zazzaɓi kuma a kai shi a gwada jininsa. Ki guji sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da likita ya rubuta ba, domin yana share har ƙwayoyi masu amfani da hanjinsa ya sha wahalar tarawa.

Ba a nan ginin ke ƙarewa ba. Akwai ƙwayoyin cuta masu lulluɓe kansu da wani ɓawo na sukari, irin masu kawo sanƙarau da ciwon huhu, waɗanda jikin yaro ba ya iya gane su da kyau sai ya kai wajen shekara 2. Ƙwayoyin hanjinsa ma sai wajen shekara 3 suke kama da na babba. Nono zalla wata shida, sannan a haɗa da abinci har shekara biyun da addini ma ya kwaɗaitar, ya yi daidai da wannan tazara. A tsakanin nan zai yi mura sau da dama a shekara, kada hankalinki ya tashi, da haka jikinsa ke tara sani.

Amma a wata biyun farko dokar daban ce, kuma ina roƙonki ki gaya wa maigidanki ita tun kafin ki haihu, don kada a tsaya neman izini da tsakar dare. Jariri a wannan lokaci ba ya iya killace cuta a wuri ɗaya, kuma ba kullum yake nuna ta da zazzaɓi ba, wani lokaci sanyi jikinsa zai yi. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa, ko ya yi laushi ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ya yi jijjiga, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ko tafin hannu da na ƙafa suka yi rawaya, asibiti za a nufa a wannan sa'ar, ko ba a yi suna ba, ko ba ki yi arba'in ba.

Game da surukarki kuwa, kada ki mayar da abin gardama. Ita ma lafiyar jikanta take nema, da abin da ta gada take aiki, kuma ita ce za ta tsaya a kanki ranar da ba ki da ƙarfin yin magana. Ki roƙe ta ta raka ki awo na gaba, ki sa ma'aikaciyar jinya ta yi mata bayanin daƙashi da bakinta, cikin girmamawa. In maigidanki ya riga ya fahimta, shi ya fi dacewa ya fara yi mata maganar a gida. Ki kuma shirya haihuwa a asibiti, inda za a yi alluran farko kafin a sallame ku, a ba ki katin rigakafi da ranar dawowa a rubuce.